Sai An Kankare Ƙasa Ake Ba Da Magani

Ɗana, matso ka zauna a kan buzun nan, domin an idar da Magariba, kuma kafin a kira Isha'i akwai ɗan lokacin da zai ishe mu. Allah Ya yi maka albarka da ka amsa kirana. Ka kwantar da hankalinka, babu wanda ya kawo mini ƙararka. Shekaru ne kawai suka ja, gwiwa ta fara ƙin tashi, ido ya fara neman tabarau ko da rana tsaka, saboda haka na ga gara in sauke maka wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi, tun da sauran numfashi.

Tun kana ƙarami aka hore ka da kada ka yi wa mutane ƙarya. An gaya maka ramin ƙarya ƙurarre ne, an gaya maka ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, kuma na shaida ka riƙe wannan gwargwadon iko. Amma akwai wata ƙaryar da mu manya ba mu cika ja muku kunne a kanta ba, wataƙila domin mu ma tana cikin aljihunmu, ita ce wadda mutum yake yi wa kansa. Ƙaryar da ka yi wa wani tana da ranar tonuwa, domin shi ma yana da ido da kunne, zai bincika, zai tambaya. Wadda ka yi wa kanka kuwa, kai ne maƙaryacin, kai ne wanda aka yaudara, kai ne kuma shaida, to wa zai kai ƙara, a gaban wane alƙali? Sai ta zauna cikin ƙirji shekara da shekaru tana cin mai ita kamar yadda gara take cin azara, daga waje ɗaki lafiya lau, har ranar da zai rufta.

Bari in ba ka labarin da ya koya mini wannan, labarin ƙasarmu ne, kuma lokacin da ya faru kai kana goye. Wajen 2009 zuwa 2010 farashin zinare ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, ga shi kuma Allah Ya ajiye shi a duwatsun Anka da Bukkuyum. Mutanen da suka saba jiran damina su ga abin da gero da dawa za su ba su, sai suka wayi gari dutse ya zama kuɗi. Maza suka shiga ramuka, ana ɗauro buhunan dutse a bayan babur ana kawowa har cikin gida. A farfasa da guduma a zaure, a kai injin niƙa, wani lokaci ma injin da ake niƙa hatsi da shi, mata kuma su daka nasu a turmi a tsakar gida. A wanke, a sa zaiba ta kama zinaren, a shanya sauran a rana. Na ga ƙurar nan da idona, mai laushi kamar garin tuwo, ta kwanta a kan faifai da ƙwarya da murfin randa, ta kwanta a kan tabarmar da jariri yake rarrafe, ya dafa ƙasa da tafinsa ya kai baki kamar yadda kowane yaro yake yi.

Agwagi ne suka fara tafiya. Daga baya mutane da yawa sun tuna cewa sun lura agwagin kududdufi suna raguwa, amma a lokacin ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Sannan yara suka fara: amai, ciwon ciki, kasala, sai jijjiga, sai suma, sai a kai maƙabarta. A watan Maris na 2010 likitocin agaji na ƙungiyar MSF, waɗanda suka zo sa ido kan sanƙarau, suka ji labarin yawan mutuwar yara, suka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, har gwajin jini ya nuna gubar dalma ce, wadda take haɗe da zinaren a cikin dutse ɗaya. Da masu bincike suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, sai suka tarar cikin yara 463 ƴan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Gaba ɗaya an rasa yara sama da 400 a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega da Ƴargalma da Tungar Guru, ban da waɗanda suka rayu da rauni a ƙwaƙwalwa ko ido. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceto ne ga iyayensu.

Kada ka ji wannan ka ɗora wa iyayen nan laifi, ɗana, domin da farko ba wanda ya san dalma tana cikin dutsen, kuma rashin sani na gaskiya uzuri ne. Talauci ma ba wasa ba ne; wanda bai taɓa kwana yana jin kukan yaro na yunwa ba, bai kamata ya yi saurin yanke hukunci ba. Abin da nake so ka duba yana tsakanin rashin sani da sani, wato lokacin da zuciya ta fara raɗa wa mutum cewa akwai matsala, shi kuma ya toshe kunne. A nan zan fara da kaina. Akwai ɗan ƙanena da yake kawo buhunan dutse gidan da muke zaune, ana daka a bayan ɗakin girki. Ni na yi karatu daidai gwargwado, na san ƙurar da take sa babba tari ba za ta bar jariri lafiya ba. Sau uku ina shirya maganar da zan yi masa, sau uku yana riga ni da gaisuwa, ya durƙusa ya ajiye mini na goro a gefen tabarma, sai in ce wa raina: ai ni ba likita ba ne, ai kowa ma yi yake yi, ai yaro ya samu sana'a kada in zama mai baƙin ciki. Ko ɗaya cikin maganganun nan uku ba ƙarya ba ce, amma na jera su ne domin su tare mini gaskiya ta huɗu, wadda ita ce ba na so na goron ya yanke. Allah Ya tsare yaran gidanmu da rai, sai dai ɗaya daga cikinsu har yau karatu yana yi masa wuya, kuma duk ranar da na gan shi yana fama da allo, na san abin da shiruna ya saya.

Ka lura da irin kalmomin da muka riƙa fakewa da su a wancan lokaci. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sanƙarau ne tunda zafi ya shigo, wani ya ce kwana ne ya ƙare. Da aka gano dalma ce kuma, akwai waɗanda suka riƙa ɓoye rashin lafiyar yara da mutuwarsu, domin tsoron kada hukuma ta hana haƙar. Kwana ya ƙare gaskiya ce, babu mai mutuwa sai ajalinsa ya yi, wannan imaninmu ne kuma a kansa za mu mutu. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Idan mutum ya ɗauko kalmar ƙaddara ya lulluɓe sakacinsa da ita, ya yi laifi biyu: ya cuci kansa, ya kuma ari sunan Allah ya yi murfi da shi. Mafi haɗarin yaudarar kai ita ce wadda aka gina da tubalin gaskiya, domin ba ta da inda za ka kama ta.

Akwai wani masanin falsafa Bafaranshe, Jean-Paul Sartre, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 1980. Sojojin Jamus sun kama shi a yaƙin duniya na biyu, ya yi watanni a sansanin fursunoni, kuma a 1943, lokacin da birnin Faris yake hannun Jamusawa, ya fitar da wani babban littafi da ya yi dogon bayani a kan wannan cuta ta yaudarar kai. Mutumin bai yi imani da Allah ba, a nan mun raba hanya da shi rabuwa mai nisa, amma hikima kayan mumini ce da ta ɓace, inda ya tsince ta ya ɗauka. Sunan da ya sa wa abin, in an kawo shi Hausa, ya fi kusa da cin amanar kai. A ganinsa kowane mutum yana tsaye ne a kan abu biyu: abin da ya tarar, kamar garin da aka haife shi da iyayensa da talaucinsa da abin da ya riga ya wuce, da kuma abin da zai yi da wannan da ya tarar. Mai cin amanar kansa shi ne wanda yake ɓuya a bayan na farkon domin kada a tambaye shi na biyun. Zai ce ba yadda zan yi, alhali akwai yadda zai yi, sai dai yana da tsada, shi kuma ba ya so ya biya.

Ka saurari maganar nan, ba yadda zan yi, ka ji sau nawa take fitowa a bakin mutanenmu a yini ɗaya. Mai awo da ya danne mudu a kasuwar Gummi zai ce ba yadda zan yi, kowa haka yake aunawa. Ma'aikacin da yake sa hannu a rajista ya wuce gonarsa zai ce ba yadda zan yi, albashi ba ya isa. Har wanda yake kai wa ɓarayin daji burodi da man fetur, ko yake tsegunta musu gidan da aka sayar da shanu, shi ma abin da zai ce ke nan. Ban musa cewa akwai tilas ta gaskiya ba. Wanda aka ɗora wa bindiga a ka, Allah ma Ya yi masa rangwame. Amma mafi yawan tilas ɗin da muke faɗa, kwaɗayi ne ya sa rigar tilas. Maƙwabcinka da yake cikin talauci irin naka, ya ƙi abin da ka karɓa, shi ne hujja a kanka.

Sartre ya kawo misalin wani mai kai wa baƙi abin sha a gidan shan gahawa, wanda yake rangwaɗa da faranti, yana gaggawa da ladabin da ya wuce kima, kamar yana wasan kwaikwayon aikinsa, har ya shawo kan kansa cewa shi ba kowa ba ne sai wannan aikin, kamar yadda tulu yake tulu. Ya ce ko mai bugun ƙirji yana cewa ni haka nake, ni ba na ɓoye halina, yana iya zama cikin wannan ruɗin, domin ya mai da kansa dutse don kada a nemi ya sauya. A nan zan ɗan ja da karin maganar kakanninmu, tare da girmamawa. Sun ce hali zanen dutse, kuma sun faɗe shi ne domin ka yi hattara da wanda za ka ba amana ko ka ba aure. Ba su faɗe shi domin mai zafin rai ya mari matarsa ya ce haka Allah Ya yi ni ba. Da hali ba ya gogewa, da ba a buɗe ƙofar tuba ba, da wa'azi ya zama ɓata yawu. Na ga mashayi ya zama ladan, na kuma ga mai sahun gaba ya cinye dukiyar marayu. Ba wanda aka gama rubuta shi sai an sa shi a likkafani.

Kada kuma ka zaci sai da Bature ya zo muka san wannan. Fiye da shekara 800 kafin littafin Sartre, Imamu Gazali yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 suna zama a gabansa, sarakuna suna neman fatawarsa. Ba wanda ya tuhume shi da komai. Shi da kansa ya zauna ya binciki niyyarsa, sai ya tarar abin da yake tura shi bisa kujerar karatu son girma ne da yaɗuwar suna. Wata shida yana kai gwauro yana kai mari, yau ya ce zai bari gobe ya ce sai an jima, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi shiga. A 1095 ya bar muƙamin ya nufi Sham, ya yi shekara wajen goma ba ya koyarwa a makarantar hukuma. A cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya ware babi guda a kan ruɗin zuciya, kuma da ya zo jera waɗanda suke faɗawa ciki, da malamai ya fara, sannan masu yawan ibada, kafin ya zo kan masu dukiya. Ka ga ke nan rawani ba ya kare mutum daga wannan cuta, carbi ma haka. Wannan shi ne abin da malamanmu suke nufi da ikhlasi: ciki da waje su zama ɗaya, abin da kake nuna wa mutane ya zama shi ne abin da Allah Ya sani game da kai.

Ke ma ƴata da kike jin mu daga bakin ƙofa, shigo ki zauna, maganar ta shafe ki. Zamaninku ya zo da madubin da namu bai sani ba, wato wayar nan ta hannunku. Yaro zai jingina da motar da ba tasa ba a ɗauke shi hoto, yarinya za ta ari leshi da sarƙa ta sa a Facebook, mutane su yi ta yabo, ana yi wa rogo kallon kitse. Yaudarar masu kallo ita ce ƙaramar hasara. Babbar ita ce ranar da mai hoton zai fara yarda da hoton, ya ji gidan ubansa ya yi masa ƙanƙanta, sana'ar da take ciyar da shi ta zama abin kunya, sai ya ci bashi ko ya shiga abin da bai dace ba domin ya ciyar da mutumin da babu shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Idan mijin da ake yi miki magana kin ga alamar da ta tsorata ki, kada ki ce wa ranki ai zai sauya bayan biki don kawai kin ga akwatuna. Ki tuna da agwagin nan. Alama takan zo da wuri, mu ne muke kau da kai.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin dalma. Akwai maganin da yake fitar da gubar daga jinin yaro, kuma likitoci sun zo da shi. Amma sun ce ba shi da amfani a ba yaro magani ya koma ya yi rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa cutar, saboda haka sai an fara tsabtace gida. Aka bi gida-gida da fartanya da shebur, a fitar da kaya, a kankare saman ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, a ɗura a buhu a kai rami mai nisa a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An gama ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta yi ta jira saboda kuɗin aikin bai fito ba, yara suna zaune da guba a jini ga magani ba halin sha, har matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da murya a intanet, gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013, aka kankare garin, sannan aka fara ba da magani. Kankarar nan ba ta yiwuwa sai maigida ya buɗe ƙofa ya ce ga inda muka daka, ga inda muka shanya. Wanda ya ɓoye kusurwa ɗaya don kunya, ya bar wa ɗansa guba a wannan kusurwar.

Haka zuciya take, ɗana. Nasiha magani ce, wa'azi magani ne, karatu magani ne, amma duk wanda ya sha su ya koma ya kwanta a kan ƙaryar da yake yi wa kansa, cutar za ta dawo. Saboda haka ga abin da nake roƙonka, kuma ba mai nauyi ba ne. Kowane dare, bayan ka yi shafa'i da wutiri, kafin ka taɓa waya, ka ɗauki abu ɗaya da ka yi a yinin ka tambayi kanka don me na yi shi, kuma kada ka karɓi amsar farko, domin amsar farko lauyan zuciya ne yake ba da ita. Ka sake tambaya har ka iso amsar da take sa ka sunkuyar da kai. Duk inda bakinka ya ɗauko ba yadda zan yi, ka gwada musanya ta da na zaɓi in yi, ka ji ko za ka iya faɗinta a gaban mahaifiyarka. In ba za ka iya ba, to ka san akwai gyara. Ka kuma riƙe aboki ɗaya wanda ba ya jin nauyin gaya maka abin da ba ka so, ka girmama shi fiye da masu yabonka goma, domin ido ba ya ganin kansa.

Kada binciken nan ya kai ka ga ƙin kanka ko yanke ƙauna, domin cewa ni na riga na lalace ita ma wata mafaka ce ta mai gudun gyara. Waɗanda suka kankare gidajensu ba su rushe su ba, sun shimfiɗa sabuwar ƙasa ne suka ci gaba da zama, yara suka ci gaba da wasa a tsakar gida. Ka yi haƙuri da kanka kamar yadda manomi yake haƙuri da gona, kowace shekara da nomanta, ciyawa ba ta daina fitowa, shi ma ba ya daina cirewa.

Ga ladan can ya fara gyaran murya. Ni sai da na haura shekara hamsin kafin na iya cewa na goro ne ya rufe mini baki, kuma jinkirin nan wani yaro ne ya biya shi. Kai kana da sauran safiya a gabanka, kada ka jira irin nawa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, ko da a kan kanmu ne. Tashi ka miƙo mini sandata mu tafi masallaci.